Zan koma Tromso a arewacin Norwe da zama: wane shiri ya kamata in yi?

Ɗan Masunta, daga yankin Guri

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena, tare da neman shawararku a kan wani al'amari da ya sha mini kai.

Ni ɗan wani ƙauye ne a bakin fadama a Jihar Jigawa, kuma gidanmu gidan masunta ne tun kaka da kakanni. Na karanci kimiyyar kifi har digiri na biyu, yanzu kuma Allah Ya nufe ni da samun gurbin digiri na uku a Jami'ar Tromso, can ƙuryar arewacin ƙasar Norwe. Gurbin na shekara uku ne kuma da albashi, domin a tsarinsu mai irin wannan karatu ma'aikaci ne. An ba ni zaɓi, ko in fara a watan Janairu ko in jinkirta zuwa Agusta.

Ban taɓa fita Najeriya ba, kuma iyakar sanyin da na sani shi ne na hunturu, lokacin da muke shiga ruwa da asuba jan koma har yatsu su ƙage. An ce mini a garin akwai watannin da rana ba ta fitowa sam, akwai kuma waɗanda ba ta faɗuwa. Ina da mata da 'yar shekara biyu. Mahaifina ya ce in tafi ni kaɗai, mahaifiyata kuwa ta ce ba a barin matar aure da ƙaramar yarinya shekara uku. Don Allah wanda ya san irin waɗannan ƙasashe ya haska mini: wane wata ya fi dacewa in tafi, me zan riƙa, yaya zan yi da salla da azumi, kuma in ɗauki iyali ko in bar su?

Tsohon Ɗalibi, daga ƙasar Bichi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah Ya sanya alheri, Ya sa a gama lafiya. Na yi shekara huɗu a wannan gari, don haka zan yi maka bayani gwargwadon abin da na gani da idona.

Ka zaɓi Agusta, kada ka yi wata-wata. Sanyin Tromso bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ko da yake garin yana da nisan kusan kilomita 350 arewa da Da'irar Arktik, wato layin da daga shi zuwa arewa ake samun kwanakin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa, yana kan tsibiri ne a bakin teku, kuma ruwan ɗumi da ke gangarowa daga Tekun Atlantika yana sassauta masa, ta yadda a watan Janairu ma'auni kan tsaya wajen digiri 4 ƙasa da sifili. Garuruwan cikin tudu ne ke shan azaba, irin su Karasjok, inda aka taɓa auna digiri 51 ƙasa da sifili a 1886. Abin da ke karya baƙo a Tromso shi ne duhu. Daga ƙarshen Nuwamba ba za ka sake ganin ƙwayar rana ba sai wajen 21 ga Janairu, ranar da mutanen garin ke murnar dawowarta har da rabon wani burodi mai zaƙi. A tsakanin nan abin da ake samu shi ne wani haske mai shuɗi-shuɗi na 'yan sa'o'i da tsakar rana, kamar tsakanin magariba da isha a wurinmu. Idan ka sauka a Janairu, za ka faɗa cikin wannan duhu ba ka san kowa ba, ba ka da asusun banki, ba ka san motar da ke zuwa unguwarku ba. Idan kuwa ka sauka a Agusta, za ka tarar da haske, ka yi rajista da 'yan sanda, ka karɓi lambar shaida da katin haraji, ka san hanyar masallaci da kanti, sannan duhun ya riƙa shigowa a hankali kana binsa.

A shekarata ta farko na raina wannan magana. Cikin Disamba sai na ga ina barcin sa'o'i goma sha biyu amma ina tashi a gajiye, abinci ya fita daga raina, kuma ƙaramar magana takan ɓata mini rai yini guda. Na ɗauka sammu ne ko kewar gida, har sai da likita ya auna jinina ya ce bitamin D ya yi ƙasa ƙwarai. Fata tana haɗa wannan sinadari ne da hasken rana, mu kuma masu baƙar fata mun fi bukatar rana mai yawa kafin jiki ya samu rabonsa, a can kuwa kusan rabin shekara ranar ba ta da wannan ƙarfi ko da ta fito. Su 'yan ƙasar man hantar kifi suke sha cokali guda kullum tun suna yara. Ka fara shan shi ko ƙwayar bitamin D tun daga Satumba, ka riƙa fita tafiyar ƙafa da tsakar rana ko da minti ashirin ne, kuma ka tsayar wa kanka lokacin kwanciya da na tashi, domin sama ba za ta gaya maka ba. Da bazara kuma lamarin juyawa yake, daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli rana tana nan a sama har ƙarfe ɗayan dare, sai ka sa labule mai kauri kafin barci ya zo.

Game da tufafi, kada ka cika akwati da rigunan sanyin kasuwanninmu, domin don hunturu aka kawo su. Ka sayi guda ɗaya mai kauri da za ta kai ka, sauran ka saya a can, inda ake samun na hannu masu kyau da sauƙi. Ƙa'idar ita ce hawa uku: ulu a jikin fata, wata mai kauri a tsakiya, sannan ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga, wadda muka saba da ita, tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, don haka singileti da shadda ba su da aiki a waje sai ranar Juma'a, a ƙarƙashin babbar rigar sanyi. Dusar ƙanƙara tana da yawa, har an taɓa auna tudunta santimita 240 a Afrilun 1997, amma abin da ya fi kai mutane asibiti shi ne santsi, lokacin da ta narke ta sake daskarewa a kan hanya. Akwai wasu ƙusoshi a jikin roba da ake ɗaura wa takalmi. Ni sai da na sha ƙasa a gangaren unguwarmu, na yi mako uku ina salla a zaune, kafin na yarda na saya. Ka kuma rataya ɗan abin nan mai ƙyalli a hannun riga domin direbobi su hango ka cikin duhu.

Gida yana da wuyar samu kuma yana da tsada, musamman da yake masu zuwa kallon hasken nan kore da ke bayyana a sama da dare sun cika garin. Ka nemi jami'a ta taimaka maka tun yanzu, ka kuma tanadi kuɗin ajiya, wanda yawanci hayar wata uku ne, ana zuba shi a asusu na musamman ba a hannun mai gida ba. Wata magana da nake so ka riƙe da kyau: kaskon garwashin da muke shiga da shi ɗaki a lokacin hunturu kada ka ko yi tunaninsa. Ɗakunansu a toshe suke ruf, hayaƙin gawayi kuma ba ya wari, kashe mutum yake cikin barci. Da lantarki ake ɗumama gida, kuma a arewacin ƙasar ya fi araha a kan kudu.

A matsayinka na ɗan masunta za ka ji daɗin wani abu guda. Busasshen kifin nan da 'yan kudu ke saya da tsada suna kira okporoko, daga wannan yanki yake fitowa, musamman tsibiran Lofoten, inda ake shanya shi a kan katakai cikin iska ba tare da gishiri ko hayaƙi ba, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayen kawunansa.

Almajirin Malamai, daga Ringim

Malam, Allah Ya ba da sa'a. Tambayarka ta salla da azumi malamai sun daɗe da tattauna ta. Asalin da suke komawa gare shi shi ne hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka ambaci yinin da zai yi tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar a cikinsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a'a, a ƙaddara masa gwargwadonsa. Daga nan malamai suka kasu: wasu suka ce a bi lokutan gari mafi kusa da ake bambance dare da rana a cikinsa, wasu suka ce a bi lokutan Makka. Musulmin Tromso suna da masallaci mai suna Alnor, kuma lokutan Makka suke bi a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa.

Shawarata ita ce ka bi jama'ar garin, kada ka ware da naka jadawali, domin ka yi buɗa-baki tare da mutane ka yi idi tare da su. Ka kuma lura cewa azumi yana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara: na 2027 zai kama a farkon Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu, na 2029 a tsakiyarsa. Ke nan azuminka a can zai riƙa matsawa cikin lokacin duhu ne, ba cikin doguwar ranar da ta wahalar da na gabanka ba. Idan ka yi alwala, ka tsane jikinka sosai kafin ka fita.

Maman Tagwaye, daga ƙasar Gumel

Ɗan'uwa, ina taya ka murna. Ban zauna a Norwe ba, amma na bi maigidana Oulu a arewacin Finlan, inda yinin Disamba ba ya kai awa huɗu, don haka zan yi magana a madadin matarka, tunda ba a ji ta bakinta ba a cikin tambayarka.

Da Baba da Inna kowa yana da gaskiyarsa. Kai za ka fita da safe ka tarar da abokan aiki, ita kuwa za ta wuni a ɗaki da yarinya, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana, ba biki, ba suna, ba mai tallan da zai yi sallama a ƙofa. Matar da ta tashi a gidan yawa, inda ake daka tare a ci tare, wannan shirun yana iya taɓa ta fiye da yadda kake zato. Na yi wata biyu ina tsayawa a taga ina ƙirga motocin da ke wucewa, ina kuka ba tare da an yi mini komai ba. Abin da ya cece ni shi ne ajin koyon harshe da kuma kai yara makarantar reno, inda na haɗu da matan Somaliya da na Siriya. Saboda haka ka fara tafiya kai kaɗai a Agusta, ka samu gida mai ɗaki biyu, amma ka shigar da takardunsu da wuri domin izinin iyali yana ɗaukar watanni, ka yi nufin su iso wajen Afrilu ko Mayu lokacin da haske ya dawo. Kafin nan ta fara koyon Turanci ko da a waya ne. Kuma ka zauna da ita ka gaya mata gaskiyar wurin, ta zaɓa da saninta.

Ku sani cewa a Norwe doka ta hana dukan yaro kowane iri, har ɗan marin da muke ɗauka gyara ne, kuma hukumar kula da yara ba ta wasa da wannan. Ku fara sabawa tun a gida. Ita ma yarinyar tana bukatar bitamin D kullum.

Batun guzuri, ni na tafi da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da man kaɗanya, wanda ya fi kowane mai maganin bushewar fata. Daddawar a naɗe ta sosai, in ba haka ba duk kayanka za su ɗauka. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa kada ka wahalar da kanka, domin an hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu.

Dattijo, daga Auyo

Yaro, Allah Ya yi maka albarka. Ban san ƙanƙara ba, amma na san abin da tafiya ke bari a baya. Kafin ka tashi, ka tara 'yan'uwanka a gaban mahaifinka a fayyace wanda zai riƙe gonarka ta fadama da kwalekwalenka, da yadda za a raba abin da aka samu, a kuma rubuta. Ka faɗa musu adadin da za ka iya aikowa duk wata, ka rage daga abin da kake zato, domin za su ji albashinka a naira ba za su ji kuɗin hayarka ba. Ka kuma bar wa mahaifiyarka waya mai kyau da ɗan faifan sola na caji.

Ɗan Masunta, daga yankin Guri

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na rubuta wa jami'ar cewa na zaɓi Agusta. Hajiya, maganarki ta shige ni, domin gaskiya ban tambayi mai ɗakina ba sai daren jiya. Ta ce za ta biyo ni, amma da sharaɗin a bar ta ta ga auren ƙanwarta tukuna. Baba na Auyo, za mu zauna da 'yan'uwa ranar Juma'a bayan an sauko. Na kuma duba na ga agogonsu da namu ɗaya ne a lokacin sanyi, da bazara ne kawai suke gaba da awa guda, don haka kiran gida ba zai yi wuya ba.

Yaya na Bichi, saura tambaya ɗaya: takalmin da zan sauka da shi a Agusta, ko sau-ciki na fata zai wadatar kafin in sayi na can? Kilishin da Inna ta riga ta sa a yi mini kuwa, ban san yadda zan gaya mata ba tukuna.