Ribas furoksi da miƙa tantancewa: me za mu kira su da Hausa?

'Yan'uwa masu harkar sabar, ku zo mu tsayar da magana kan kalmomi uku.

Ta farko ribas furoksi, wato manhajar da ke karɓar buƙatu daga masu nema ta miƙa su ga sabar, irin aikin da nginx, Traefik da Caddy suke yi. Na ga ana rubuta "wakilin baya". Ban yarda ba, domin ba a baya yake ba, shi ne ma na gaba, duk buƙatar da ta zo daga intanet shi take fara tararwa. Furoksi na yau da kullum mai nema yake wakilta, wannan kuwa sabar yake wakilta. Ni dai "wakilin ƙofa" na zaɓa.

Wani ya ce a kira shi mai gadi. Sai dai mai gadi shi ke yanke hukunci, wannan kuwa ba ya yankewa. Nan ne kalma ta biyu, miƙa tantancewa, ta shigo: idan ka kunna saitin auth_request a nginx, ko forwardAuth a Traefik, ko forward_auth a Caddy, abin da wakilin yake yi shi ne ya tsayar da buƙatar, ya aika ƙaramar tambaya ga wata manhajar tantancewa kamar Authelia ko oauth2-proxy: a bar wannan ya shiga? In amsa ta dawo da lamba 200, wato an yarda, sai mai nema ya wuce. In 401 ce ko 403, wato an ƙi, nginx ya hana shi. Traefik kuwa amsar da ya samo yake miƙa wa mai nema, shi ya sa ake iya tura mutum shafin shiga kai tsaye.

Ai wannan iso ne. A tsayar da baƙo, a kai sunansa ciki, a dawo da izini. Don haka aikin mu kira shi "neman iso".

Ta uku ita ce wurin da asusun mutane yake, kamar Keycloak ko Authentik, mai magana da OpenID Connect, ƙa'idar tabbatar da mai shiga ta 2014. "Mai ba da shaida" ya fi "mai tantancewa" dacewa a ganina, tunda bayan ya duba kalmar sirri, shaida yake sa wa hannu ya bayar.

Kuma in an samu iso, wakilin yakan rubuta sunan mutum a kan buƙatar, misali a gurbin da ake kira Remote-User, manhajar da yake tsaye a gabanta ta gaskata ba tare da bincike ba. Muddin ana iya isa ga manhajar ba ta hannun wakilin ba, kowa zai iya rubuta sunan da ya ga dama. A rufe sauran ƙofofin.

Mai kalmar da ta fi "wakilin ƙofa", bismillah.