Tsohuwar jitar lantarki da ta zamani: ina bambancin yake a hannu da a kunne?

Makaɗin Dare: Jama'a, salamu alaikum. A ajiye maganar suna da tsada, wanda ya riƙe tsohuwar jita ta shekarun 1950 ko 1960 ya kuma riƙe ta yanzu ya faɗi abin da hannu ke ji. Bari in fara da wuya. Tsofaffin Stratocaster da Telecaster, jitocin kamfanin Fender, gantsarewar fuskar wuyansu inci 7.25 ce, yawancin na yanzu 9.5, na kamfanin Gibson kuwa 12; ƙaramar lamba ita ce ta fi gantsarewa. Mai 7.25 tana da daɗin danna tsirkiyoyi da yawa da yatsa ɗaya, amma in ka tura tsirkiya sama daga wajen firet na 12 (firet su ne ƙananan ƙarafan da ke jere a gicciye a kan wuya), sai ta goga firet na gaba, sauti ya mutu nan take.

Mai Gyaran Jita: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan mutuwar sautin ba lalacewa ba ce, saiti ne. Mai 7.25 ba ta son tsirkiya a ƙasa sosai. A ɗaga jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai a jikin jita, har tazarar tsirkiya da firet na 17 ta kai milimita 1.6 ko ta ɗan ɗara. Sannan a duba lanƙwasar wuya: danne tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, a auna tazara a na 8. Milimita 0.3 ta isa tsohuwa, 0.25 ta zamani.

Wahalar tana wajen rodin ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake juya notinsa don daidaita wannan lanƙwasa. A ta zamani bakinsa na wajen kai, sai dai a sa makulli a juya. A tsohuwar Fender yana can gindin wuya, dole a sassauta tsirkiyoyi, a kwance sukurori huɗu, a ɗago wuyan, a juya, a mayar, a sake ɗaure tsirkiya, a auna. In bai yi ba, a sake daga farko. Kada a wuce rubu'in juyi a lokaci ɗaya. In notin ya cije, a cire shi a sa masa ɗan mai, kada a yi masa ƙarfi, don in zaren rodin ya cinye aikin ya zama babba. Garaje ba ya gyara wuya.

Ɗan Waya: Ni kan fikof zan tsaya, wato maganaɗisu mai naɗin waya da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗauko sautinsu. Tsohuwar Stratocaster makunninta na zaɓar fikof hawa uku ne, sai a 1977 aka fara sa mai hawa biyar, shi ya sa makaɗa ke maƙale shi a tsakani don su haɗa fikof biyu. Kuma ko an haɗa, ƙugin lantarki na nan. Yawancin na yanzu an juya naɗin waya da maganaɗisun fikof na tsakiya, sai ƙugin ya ɓace a hawa na biyu da na huɗu.

Akwai abin da mutane ba sa lura. Sandunan maganaɗisun tsohon fikof ba tsayinsu ɗaya ba, an tsara su ne lokacin da tsirkiya ta uku take da naɗi. Yanzu da ake sa mata marar naɗi, sai ta riƙa fin sauran ƙara. Kada a ce za a buga sandar ƙasa da guduma! Wayar naɗin ta fi gashi siranta kuma tana manne da sandunan, tana tsinkewa fikof ya mutu.

Mai Gyaran Jita: Ɗan'uwa, ƙara da na Gibson.

Ɗan Waya: To, Yaya. Fikof mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙira, wanda aka fara sa wa jitar Gibson mai suna Les Paul a 1957, ba a tsoma shi cikin kaki ba. Don haka sautinsa a buɗe yake, amma kusa da amfilifaya mai ƙarfi sai ya kama tsuwwa. Na zamani yawanci an tsoma su, sun fi natsuwa. Kuma naɗin na da bai zo daidai ba, in aka sa mita wani ya ba da om (ma'aunin turjiyar waya ga lantarki) dubu bakwai da wani abu, wani ya kusa dubu tara. Saboda haka in an ce "sautin 1959", sai a tambaya: na wace jita?

Baba Mai Fenti: Yara, kun manta da jiki. Fentin da, naitiro, siriri ne, yana tsattsagewa in jita ta fito daga sanyi aka buɗe akwati cikin zafi kai tsaye. A bar ta a rufe ta ɗan huta tukuna. Robar wasu majinginan jita kuma tana cin wannan fenti, a naɗe ta da ƙyallen auduga. Fentin da Fender ta koma a ƙarshen shekarun 1960, bayan kamfanin CBS ya saye ta a 1965, mai kauri ne, ba ya jin komai. Cewa fenti na canza sauti a jitar lantarki, ni dai a ganina ƙarin gishiri ne, tsayin fikof daga tsirkiya ya fi shi tasiri nesa ba kusa ba.

Farantin gaba na seluloyid kuwa yana tsukewa, ya tsage a bakin sukurori. In aka cire shi, a ɗaure shi a kan katako nan da nan, in ba haka ba ramukan ba za su sake haɗuwa ba.

Makaɗin Dare: Baba, kan Les Paul fa? Tsohuwa da sabuwa duk suna karyewa a wurin.

Baba Mai Fenti: Duk ɗaya ne, ɗana. Kan ya kwanta baya da digiri 17, ga ramin rodi ya rage katako a daidai wurin. Mai sayen tsohuwa ya haska bayan wuya da tocila, ya nemi layin gam ko wurin da fenti ya canza launi. Ya kuma duba bayan boliyum: lambar da ta fara da 137 ta kamfanin CTS ce, 304 ta kamfanin Stackpole, lambobin da suka biyo baya shekara ce da makon da aka ƙera shi. In dalmar wurin tana sheƙi sabuwa fil alhali sauran sun dushe, an taɓa canza wani abu.