Wace kalma za mu sa wa port forwarding?

Assalamu alaikum malamai da masu aikin fassara. Ina rubuta bayani a kan yadda mutum zai saita rautar gidansa, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfuta da wayoyin gida, domin ya riƙa sarrafa kwamfutarsa ta gida alhali yana wani gari, sai na cije a kan kalmomi biyu da ake gani a shafin saitin rauta, wato port forwarding. Ga inda tunanina ya tsaya, kuma ina neman gyaranku.

Sai mun fahimci aikin kafin mu raɗa masa suna. Rauta tana da adireshi ɗaya da duniya ke gani, su kuwa kwamfuta da wayoyin da ke cikin gida kowanne yana da adireshin cikin gida, irin wanda ke farawa da 192.168, wanda ba a iya kiransa daga waje. Idan saƙo ya zo daga waje ba tare da wata na'urar gida ta nema ba, rauta ba ta san wa za ta ba, sai ta yar da shi. Manhajar Remote Desktop ta Microsoft, wadda ake sarrafa kwamfuta daga nesa da ita, tana sauraro ne a port mai lamba 3389, don haka mai gida yakan bar wa rauta umarni cewa duk wanda ya zo ta 3389 a kai shi wurin kwamfuta kaza. Wannan umarni shi ne abin da muke nema wa suna.

Na ga an fassara port da tasha, kuma ina ganin an bi ma'anar tashar jiragen ruwa ne, wadda ba ita ake nufi ba. A Ingilishi kalmar tana da wata tsohuwar ma'ana ta ƙofa, daga porta ta Latin, kuma ita ta fi kusa da abin da ake nufi. Kafa ta so ta dace, tunda muna cewa kafar sadarwa, amma yawancin masu rubutu a waya ba sa lanƙwasa baƙaƙe, wanda ya ga kafa 3389 yana iya karanta ta ƙafa. Saboda haka na tsaya a kan ƙofa. Bahaushe ya saba da gari mai ƙofofi da yawa, kowace da sunanta, kamar Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa a Kano, sai dai ƙofofin kwamfuta lamba gare su, daga 0 zuwa 65535, inda 443 take ta shafukan intanet masu tsaro, 22 kuma ta SSH, wata hanyar ba kwamfuta umarni daga nesa cikin tsaro.

Rabi na biyu ne ya fi ba ni wuya. Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce turawa, amma a rubuce ba ta da bambanci da Turawa, kuma turawar ƙofa ma'anarta a ture ƙyaure. Masu gyaran kwamfuta kan ce buɗe ƙofa, wanda rabin gaskiya ne, domin bai faɗi cewa akwai wanda ake kai baƙon wurinsa ba, alhali idan aka rubuta adireshin cikin gida ba daidai ba, ƙofar tana buɗe amma saƙon ba ya isa ko'ina. Karkatar da ƙofa kuwa ba ta zauna ba, tunda saƙo ake karkatarwa, ƙofa tana nan inda take.

Kalmar da nake ba da shawara ita ce iso. Baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ba ya kutsawa cikin gida sai an yi masa iso zuwa ga wanda ya zo gani, kuma rauta zaure ce ta wannan fuskar. Suna sai ya zama ison ƙofa, aikatau kuma a ce an yi iso ta ƙofa kaza zuwa na'ura kaza. Jimlar da zan sa a bayanin ita ce: ka ba kwamfutarka adireshin cikin gida da ba ya sauyawa, sannan ka shiga saitin rauta ka yi iso ta ƙofa 3389 zuwa wannan adireshi.

Wani malami da na nuna wa ya kawo suka mai ƙarfi. Ya ce mai yin iso yakan tambayi baƙo ko shi wane ne, ita kuwa rauta ba ta tambaya, duk wanda ya ƙwanƙwasa 3389 wucewa yake yi. Gaskiyarsa, kuma haɗarin ba ƙarami ba ne, domin akwai manhajojin da ke yawo a intanet dare da rana suna gwada kalmomin sirri a wannan ƙofa, kuma a watan Mayun 2019 Microsoft ta toshe wani gibi a Remote Desktop da ake kira BlueKeep, wanda muninsa ya sa ta fitar da gyara har ga Windows XP da ta daina kula da shi. Duk da haka ban janye kalmar ba, sai dai zan bayyana a farkon ambatonta cewa iso ne da aka bayar tun kafin baƙo ya zo, ba tare da tantancewa ba, kuma wanda ke da halin bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro a cikin intanet, ya fi masa.

Abin da ban samo wa suna ba tukuna shi ne halin da masu rautar layin waya kan shiga, inda kamfani yake haɗa gidaje da yawa a bayan adireshi ɗaya, ta yadda ko an yi ison ƙofa daidai, saƙon zai tsaya a wurin kamfani. A ƙa'idance ana kiransa CGNAT. Na rubuta zauren haɗaka a gefen takarda, amma ina jiran abin da za ku ce.