Naƙudar ciki na biyu ta fi ta fari sauri? Waɗanda suka haihu, ku ba ni labarinku

Mai jiran na biyu, Kano

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tambaya gare ni, kuma don Allah duk wadda za ta amsa ta faɗa mini abin da ya same ta ita da kanta, na ƙoshi da "an ce". Cikina ya shiga wata tara, shi ne na biyu. A haihuwar fari na ji jiki. Ciwo ya kama ni daren Talata bayan isha'i, ban sauka ba sai Alhamis da hantsi, shi ma sai da aka sa mini ruwan naƙuda, aka kuma yi mini ƙari. Amma lokacin ina gidanmu goyon ciki, Mama na kaina, ga motar yayana a ƙofar gida. Yanzu ina ɗakina, daga ni sai 'yata mai shekara biyu da rabi. Maigidan direban babbar mota ne, in ya nufi Legas sai ya yi kwana biyar. Asibitin da nake awo kuma tafiyar minti arba'in ce a adaidaita sahu, in hanya ta yi kyau ke nan.

Kowa cewa yake ta biyu ba ta daɗewa, hanya ta riga ta buɗe. Surukata kuma ta ce kada in yi rawar ƙafar zuwa asibiti, in daure a ɗaki sai abu ya kankama, wai zuwa da wuri ke sa a yi wa mace aiki. Na rasa wadda zan kama. Ina tsoron in je a ce in koma gida, ina kuma tsoron haihuwa ta riske ni daga ni sai yarinya.

Uwar uku, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ni dai a kaina gaskiya ne. Ɗan farina kwana na yi na wuni ina abu ɗaya. Ta biyun kuwa ina tuƙa tuwon dare na ji marata ta ɗaure, na ce bari in kwashe tukuna. Na kwashe, na yi magariba a zaune, kafin a kira isha'i na kasa miƙewa. Tara saura muka shiga asibiti, sista ta duba ta ce buɗewar bakin mahaifa ta kai santimita 8, goma da 'yan mintuna ina rungume da yarinya. Nishi uku na yi. A na farin kuwa na fi awa guda ina nishi har idanuna suka yi jajur. Na ukun ya ɗan ja, wajen awa shida, amma ko kusa bai kama ƙafar na fari ba.

Sai dai kada ki ɗauka saurin yana rage zafi. Ciwon da na sha a kwana da wuni shi aka dunƙule mini a awa huɗu, ko sararin kurɓar ruwa ba ya ba ki.

Wadda ta haihu a mota, Kaduna

'Yar'uwa ki saurare ni da kyau, don irin shawarar da aka ba ki ita na bi. Ta farina ta kai awa ashirin, shi ya sa da ciwon na biyu ya taso da asuba na ce ai sai dare. Na yi wa yaro wanka, na share tsakar gida, har wanki na jiƙa. In ciwon ya zo in dafa bango, in ya wuce in ci gaba da aikina. Wajen goma na safe ina tsugune a bakin famfo sai na ji fas, faya ta fashe, ruwa ya wanke mini ƙafafu. Daga nan abu ya juye, ciwo kan ciwo babu tsagaitawa. Na ji kamar bayan gida ya matse ni, ashe kan yaro ne.

Maƙwabcinmu ya fito da mota, matarsa ta shiga baya da ni. Ba mu yi nisa ba muka faɗa cunkoso a bakin kasuwa. Ina jin 'yan talla suna kiran kaya a jikin gilashi, ni kuma na ƙanƙame kujerar gaba ina cewa, Anti ga shi nan, Anti ga shi nan. Baiwar Allah ta cire mayafinta ta tare shi. Bai yi kuka nan take ba. Ta goge masa fuska da gefen zani, ta dinga murza masa baya, can sai ya tsanyara kuka. Wallahi ban taɓa ganin lokaci mai tsawon wannan ɗan shirun ba. Ta ɗora mini shi a ƙirji ta lulluɓe mu, ba mu taɓa cibiya ba har muka isa, a can aka yanke, aka fitar da mabiyiya. Na ƙaru sosai, ɗinkin ya fi na haihuwar fari. Yaron yanzu yana aji biyu, amma har yau in na bi ta kasuwar nan gabana faɗuwa yake. In an maido ki gida kuɗin adaidaita kawai kika yi asara. Ki tafi.

Uwar biyu, Sakkwato

Ni kuma tawa ta biyu ta fi ta fari wuya, kada a ce duka aka taru aka zama ɗaya. Ta fari awa tara na sauka, yarinya 'yar ƙarama, kilo 2.7. Na biyu kwana uku ina naƙudar tsaye, ciwo ya hana ni barci da dare, gari na wayewa ya lafa. Sau biyu ana maido ni gida. Da ta tashi gadan-gadan kuma duk a baya ta tare, kamar ana sara mini ƙugu da gatari. Likita ta ce kwanciyar yaron ce, ƙeyarsa na jingine da bayana, ga shi kuma ƙato, kilo 4 aka auna. Awa goma sha huɗu muka yi kafin ya juya ya sauko. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne na shiga ɗakin haihuwa da sa ran awa uku. Da lokaci ya wuce sai na dinga kuka ina cewa wani abu ya lalace a jikina. Da an gaya mini hakan na faruwa, da ban firgita haka ba.

Sistar ɗakin haihuwa

Sannunku 'yan'uwa, dukkanku gaskiya kuka faɗa. A yawancin mata ta biyu ta fi sauri, kuma da dalili. Bakin mahaifar da bai taɓa haihuwa ba dogo ne a tsuke, sai ya gajarce ya yi siriri tukuna sannan ya soma buɗewa sosai, wannan aikin ne ke cinye daren farko. Wanda ya taɓa haihuwa kuwa biyun yake yi a lokaci guda, har mukan duba mace mu tarar ya ɗan buɗe tun naƙuda ba ta fara ba. Naman ƙasa ma ya taɓa miƙewa, ba ya turjiya kamar da, shi ya sa nishi ke gajarta.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 suna ƙirga naƙuda mai ƙarfi daga buɗewar santimita 5 zuwa cikar buɗewa, wato 10. Wannan matakin a haihuwar fari bai cika wuce awa 12 ba, a na baya kuma awa 10. Nishi a ta fari yawanci yana ƙarewa cikin awa 3, a na baya cikin awa 2. Wannan iyakar sama ce. Matsakaicin da ake gaya wa mata a asibitocin Ingila shi ne awa 8 a ta fari, awa 5 a na baya. Ba a sa naƙudar tsaye a wannan lissafin, shi ya sa za ki ji mace ta ce kwana uku ta yi, mu kuma a fayil mun rubuta awa bakwai, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu.

Abin da ke yaudarar masu ciki na biyu shi ne farkon yakan zo sanyi-sanyi, sannan ya ruga lokaci ɗaya. Na sha duba mace tana santimita 5, in je rubutu, kafin in ajiye biro a ƙwala mini kira kai ya fito. Kuma a cikin fari kan jariri yakan sauka ƙugu makonni kafin haihuwa, a na baya kuwa sau da yawa sai naƙuda ta fara. Kada ki ce ciki bai sauka ba, da saura.

Ke mai tambaya, da wannan nisan naki ba ki da damar jira. In ciwo na zuwa a jere, kusan duk minti goma, yana ƙara ƙarfi, ko kin kwanta ko kin zagaya ba ya lafawa, ki kama hanya. In faya ta fashe ki tafi ko babu ciwo, ki kuma duba ruwan, in kore-kore ne ki faɗa mana tun daga ƙofa. Jini, ko raguwar motsin yaro, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, waɗannan ba a kai su safiya. Ki gaishe mini da Hajiya surukarki, ki faɗa mata cikin ladabi, in mun duba mun ga da saura cewa za mu yi ki zagaya a harabar asibiti ko ki koma. Masu tayar mana da hankali su ne waɗanda ake kawowa bayan sun kwana biyu suna fama a ɗaki.

Hajiya uwar tara, Maraɗi

'Ya'yana, bari tsohuwa ta sa baki, jikata ke rubuta mini. Haihuwa tara na yi, bakwai na raye. Daga ta uku zuwa ta bakwai ban san doguwar naƙuda ba. A ɗaki nake durƙusawa, kafin ungozoma ta iso na gama, sai dai ta yanke cibi ta ɗora ruwan zafi. Har mata na cewa ni haihuwa ba ta yi mini wuya, kuma wannan yabon ne ya kusa kai ni kabari. A ta takwas yaro ya faɗo lafiya, uwar tafiya ta biyo, sai jini ya ɓalle. Zani uku na jiƙa. Ina jin muryar kishiyata tana kiran sunana kamar daga bayan gari, alhali hannuna ke cikin nata. A amalanke aka fitar da ni bakin titi, mota ta kai ni gidan likita, leda biyu ta jini aka ƙara mini. Ta tara tun ciwo bai yi nisa ba na tafi na zauna a gabansu.

Sistar ɗakin haihuwa

Hajiya Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ya same ki mun san shi. Mahaifar da ta haihu sau biyar ko fiye takan gaji ta kasa matsewa bayan mabiyiya ta fita, kuma matsewar ce ke toshe jijiyoyin jini. Haihuwa mai tsananin sauri ma tana iya jawo haka. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen ɗauke mata masu haihuwa a duniya, kuma ma'aunin da muke tsorata da shi rabin lita ne, cikin ledar fiya wata guda ke nan. Shi ya sa muke yin allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta matse, a cinya da zarar jariri ya fito. Ita ce babban abin da mai haihuwa a hanya ke rasawa.

Mai tabon aiki, Katsina

Sista don Allah ni fa? Ta farin aiki aka yi mini tun kafin naƙuda, yarinyar a zaune take. Tawa ma za ta yi sauri?

Sistar ɗakin haihuwa

A'a ƙanwata, bakin mahaifarki bai taɓa buɗewa ba, lissafin 'yar fari za a yi miki. Mata da yawa suna haihuwa da kansu bayan aiki ɗaya, amma sai a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye, don tabon yana iya yagewa. Kada ki yarda kowa ya ɗaura miki ruwan naƙuda a gida ko a kemis, kada kuma ki sha jiƙon saurin haihuwa.

Mai jiran na biyu, Kano

Iyayena, alhamdu lillahi na sauka, namiji, kilo 3.3. Bayan na karanta amsoshinku na kira maigidan na karanta masa labarin yayarmu ta Kaduna, ya yi shiru a waya, washegari ya turo ƙanwarsa ta tare a wurina. Na karɓi lambar masu adaidaita biyu a layinmu, jaka kuma tana bakin ƙofa. Daren Lahadi ƙarfe ɗaya ciwo ya tashe ni, na kwanta da waya a hannu ina ƙirgawa, da ya zo sau huɗu a jere na tashi ƙanwar maigidan na ce kira mai adaidaita. Surukata da kanta ta raka ni, ba ta ce komai ba sai addu'a. Biyu da rabi muka isa, ina santimita 4, har sista ta ce in zagaya. Ban gama zagaye na biyu ba faya ta fashe a baranda. Ana kiran assalatu ya fito, ba ƙari, ba ɗinki.

Abu ɗaya ne ba wadda ta gaya mini: ciwon mara na bayan haihuwa. A ta fari ban san shi ba. Yanzu duk sanda na sa shi a nono sai marata ta murɗa har in ciji zani. Sista ta ce mahaifa ce ke komawa mazauninta, ya fi tsanani daga haihuwa ta biyu, kwana biyu uku zai sake ni. Yau kwana na uku, ya fara sauƙi. Suna ranar Litinin in Allah ya kai mu.