Ƙwannafi ya hana ni barci a Ansan: in gwada maganin gargajiyar Koriya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata biyu ina aiki a wata masana'anta a garin Ansan na Koriya ta Kudu, kuma wata biyar ke nan ƙwannafi ya sako ni gaba. Da na kwanta sai wani ruwa mai tsami ya taso mini har maƙogwaro, ƙirji ya ɗau zafi kamar an zuba barkono, da safe murya a dishe. Ƙarfe 10 na dare nake tashi aiki, in dafa taliya da kimchi (kabejinsu mai yaji da tsami), in ci in bi lafiyar gado. Likita ya ce ruwan ciki ne ke komowa sama, ya ba ni omeprazole, ƙwayar rage ruwan tsamin ciki, na wata guda. Na ji sauƙi, maganin na ƙarewa abin ya dawo. Da a gida ne, kanwa Inna za ta jiƙa mini. Yanzu wani ɗan Koriya abokin aikina ya dage in je hanuiwon, asibitin gargajiyarsu. Akwai wanda ya taɓa zuwa? Kuma maganin nasu ya halatta gare mu?

Wani dattijo daga Itaewon:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ƙara sauƙi. Na je, ba sau ɗaya ba. Kada ka ɗauke su kamar masu tallar magani a tasha. Likitan da suke kira hanuisa shekara 6 yake yi a jami'a, da lasisin gwamnati, kuma inshorar lafiya ta ƙasa tana ɗaukar kaso na kuɗin tsira allurai da ƙaho. Zai taɓa jijiyar hannunka, ya duba harshe, ya danna ciki, sannan ya tsira siraran allurai a hannu da ƙafa da saman cibiya. Ni kumburin ciki da yawan gyatsa sun ragu. Amma zafin ƙirjin bai bar ni ba sai da na daina cin dare. Dafaffen maganin da suke ƙullawa a 'yan ledoji kuwa, yawanci daga aljihunka za ka biya, ka tambayi kuɗin tukuna.

Wata ɗaliba mai karatun jinya a Daejeon:
Yaya, sannu. A ƙarshen hanyar abinci akwai wata tsoka da ke rufe bakin ciki. Idan ta saki, ko ka kwanta ciki cike, ruwan tsamin sai ya hau. To ka ga matsalarka tana cikin abin da ka faɗa da bakinka: yaji, tsami, ƙarfe 10, kwanciya. Ka bar awa 3 tsakanin ci da barci, ka ɗaga kan gadon da kamar santimita 15, ka riƙa kwanciya ta hagu. Kofi (coffee) na 'yan ledoji da ake sha a wajen aiki ma a rage.

Shi omeprazole minti 30 kafin karin kumallo ake shansa, kuma sau da yawa sati 8 ake yi, ba 4 ba. Ka koma wurin likitan, ka nemi a leƙa cikinka da na'ura, naesigyeong suke cewa. A ƙasar nan abu ne mai sauƙin samu, tunda 'yan shekara 40 zuwa sama duk bayan shekara 2 ake yi musu. Idan abinci ya fara maƙale maka, ko kana rama, ko ka ga baƙin bayan gida ko jini a amai, kada ka tsaya wani hanuiwon, asibiti kai tsaye.

Game da maganin hanuiwon: abin da suka fi bayarwa shi ne Banhasasim-tang ko Yukgunja-tang. Duka biyun akwai saiwar gamcho (licorice da Turanci) a ciki, wadda in an daɗe ana sha tana iya hawar da jini. Ka faɗa wa kowane likita abin da ɗayan ya ba ka. Kanwar nan ma don Allah a bar ta.

Wani ɗan'uwa daga Busan:
Maganar halacci ita ta tsaya mini. Allurai da ƙaho ba komai. Amma wasu haɗe-haɗen ana sa ƙahon barewa, ko agyo da ake yi da fatar jaki, wasu saiwoyin kuma da giya ake gyara su. Ka ce masa kai Musulmi ne, tsirrai zalla kake so, ya rubuta maka abin da ke ciki. Ni da na tambaya bai ji haushi ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na ji batun cin dare. Ƙanwata, ashe bayan cin abinci nake shan ƙwayar tun farko. Ranar Asabar zan koma a duba cikin, kuma daga gobe zan riƙa tafiya da abincina in ci a hutun ƙarfe 6. In sakamako ya fito lafiya, sai in gwada alluran.