Yaya zan share rajista bayan shared_ptr ya saki abin da yake riƙe da shi?

Ɗalibi, Marwa:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina rubuta wa kawuna wata manhaja da C++ domin bin sawun kayan da ake saukewa daga jirgin ƙasa a Ngaundere har su isa Kusiri. Kowane lodi abu ɗaya ne a cikin manhajar, kuma sashen lissafi da sashen buga rasit suna riƙe da shi ta shared_ptr, wato manunin da yake ƙidaya masu riƙe da abu, ya rushe shi idan na ƙarshe ya saki. Na buɗe rajista da std::map mai haɗa lambar lodi da abin. Da na zuba shared_ptr a cikinta, babu abin da yake rushewa, memori yana ta cika. Na mayar da su weak_ptr, manunin da yake nuna abu ba tare da ya mallake shi ba, yanzu abubuwan suna rushewa, amma layukansu suna nan jibge. Ina mafita?

Malami, Garwa:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Gyaran da ka yi daidai ne, domin rajistar farko ita ma mai mallaka ce, ƙidayar ba za ta taɓa sauka zuwa sifili ba. Sai dai weak_ptr ba ya sanar da kowa cewa abu ya rushe, sai an tambaye shi. Tun C++11, shared_ptr yana karɓar aikin gogewa na musamman lokacin da ake gina shi, kuma ana kiran wannan aikin da zarar mai riƙo na ƙarshe ya saki. Ka ba shi lambar lodin, ya cire layin daga rajista, sannan ya rushe abin. Ka lura cewa make_shared, aikin da aka saba gina shared_ptr da shi, ba ya karɓar irin wannan aikin, kuma dole ne rajistar ta fi abubuwan tsawon rai.

Injiniya, Njamena:
Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai rami ɗaya da na taɓa faɗawa a ciki, kuma ba na so ɗan'uwa ya bi ni. Na kare rajistata da std::mutex, wato kwaɗon da yake hana zare biyu (sassan manhaja masu gudana a lokaci guda) taɓa ta tare, na kulle, na kira lock a kan weak_ptr, wanda yake ba ka shared_ptr idan abin yana raye, domin duba wani abu. Kafin na gama, wani zare ya saki nasa riƙon, sai nawa ya zama na ƙarshe. Da na saki nawa, aikin gogewa ya nemi kwaɗon da yake hannuna, manhajar ta tsaya cak, na kwana biyu ina neman dalili. Saboda haka ka buɗe kwaɗon tukuna kafin ka saki shared_ptr ɗin. Kada kuma ka dogara da expired, aikin weak_ptr mai faɗa ko abu ya rushe, idan ya ce abin yana raye, domin yana iya rushewa kafin layi na gaba. Lock ne kaɗai yake riƙe maka shi.

Ɗalibi, Marwa:
Allah ya saka da alheri. Manhajata zare biyu gare ta, na biyun shi ne yake buga rasit, don haka daga wajen kwaɗon zan fara dubawa yau da dare.