Accreditation da Hausa: "tantancewa" ba ta isa ba

1/ Jama'a, a taya ni neman kalma. Abin da Bature ke kira accreditation, 'yan boko kuma su ce akreditashan, wato hukuncin da wata hukuma ke yankewa cewa makaranta ta cika ƙa'ida, gidajen rediyonmu sun saba cewa "tantancewa". To amma da kalmar nan ake tantance masu zaɓe a rumfa, da ita majalisar dattawa ke tantance ministoci, da ita ake tantance maniyyata. Kaya sun yi mata yawa.

2/ Mu gwada ta a kan labari na gaske. City College of San Francisco kwalejin al'umma ce a jihar Kalifoniya ta Amurka, irin makarantun nan na shekara biyu masu sauƙin kuɗi da ke karɓar kusan duk wanda ya zo. Wani sana'a ya zo koyo, wani Turanci, wani kuma yana tara kwasa-kwasai ne ya wuce jami'a. A Yulin 2012 ACCJC, hukumar da ke duba irin waɗannan kwalejoji a yankin, ta ce kwalejin ta kawo hujjar da za ta hana a ƙwace mata wannan abin da muke nema wa suna. Mafi yawan ƙorafin a kan riƙon kuɗi ne da shugabanci. A Yulin 2013 hukumar ta yanke cewa za ta janye shi a ƙarshen Yulin 2014. Lauyan birnin, Dennis Herrera, ya garzaya kotu, alƙali ya taka wa hukumar birki a Janairun 2014. Sai a Janairun 2017 aka sabunta wa kwalejin na shekara bakwai.

3/ Yanzu ka ce "za a janye tantancewar kwalejin", ka ji ko ta zauna. Ai an riga an tantance ta, tantancewar ce ma ta jawo mata. Tantancewa aiki ne, an zo an duba an tafi. Muna buƙatar sunan abin da ake bari a hannun makaranta bayan an tafi, wanda ake bayarwa, a janye, a maido.

4/ Kuma ba ƙaramin abu ba ne. Makarantar da ta rasa shi, ɗalibanta ba sa samun tallafin gwamnatin tarayya irin su Pell Grant, jami'o'i kuma kan ƙi lissafa kwasa-kwasan da aka yi a can. Kwalejin San Francisco ba ta ma kai ga rasa shi ba, barazanar kawai ta sa dubban ɗalibai suka daina rajista, alhali a lokacin kuɗin da jiha ke bayarwa da yawan ɗalibai ake auna shi. Kwalejin Compton kuwa, ita ma a Kalifoniya, ta rasa nata ɗungurungum a 2006, ta koma ƙarƙashin kwalejin El Camino, bai dawo mata ba sai 2017.

5/ Wani ya ce "lasisi". A'a. ACCJC ba ma'aikatar gwamnati ba ce, malamai da shugabannin wasu kwalejoji ake turowa su duba 'yar'uwarsu. Ko a Najeriya, inda hukumomin kula da manyan makarantu, NUC da NBTE da NCCE, na gwamnati ne, lasisin buɗe jami'a daban, hukuncin da ake yanke wa kowane kwas daban.

6/ "Amincewa" ta yi faɗi. Da me aka amince?

7/ Wani malamin zaure ya kawo "ijaza", wata malama kuma "tazkiyya". Allah ya ƙara sani, Malam, amma ijaza mutum ake ba, daga malami zuwa almajiri, ba ta da wa'adi. Tazkiyya ta fi burge ni, don ma'anar ke nan, na-gida ya tsaya ya ce na san wannan, nagari ne. Sai dai idan mai karanta labarai ya ce an janye tazkiyyar kwaleji, masu sauraro za su ɗauka Islamiyya ake nufi.

8/ Inda na tsaya: "shaidar inganci". An ba kwalejin shaidar inganci, an janye mata ita, an sabunta. Zuwan masu dubawa ya ci gaba da zama tantancewa, ACCJC da irinta su zama hukumomin shaidar inganci. Na san za a ce tana kama da takardar shaidar kammala karatu. Wannan ta ɗalibi ce, waccan ta makaranta, jimla za ta raba su.

9/ Saura guda da ta gagara: placement, wato gwajin da ake yi wa sabon ɗalibi don a san ajin lissafi da na Turancin da za a sa shi. Wanda bai kai ba a tura shi ajin share fage, inda da yawa kan maƙale har su bar karatun, abin da ya sa Kalifoniya ta yi dokar AB 705 a 2017, ta ce a duba sakamakon sakandare. An ba ni "gwajin matsayi" da "gwajin rabon aji". Na fi karkata ga na biyun, wanda ke da na uku ya kawo.